Ga ɗaliban likitancin haƙori: kafin ku ce "buɗe baki"

1/ Ɗaliban likitancin haƙori, ku zo mu yi magana. Tausayin mara lafiya ba alfarma ba ce, yana cikin aikinku. Bari in ba ku labarin goggona.

2/ Daga Sanyinna na kai ta wani asibiti a birni. Haƙori ya yi kogo, kunci ya kumbura. Wata biyu tana fama da kanumfari, ruwan gishiri da ƙwayar kemis. Sai da aka sayar da gero aka haɗa kuɗin mota.

3/ Ɗalibin farko ya leƙa bakinta ya ce, "Haba Inna, me ya sa kika bari har ya ruɓe haka?" Ta ja mayafi ta rufe baki. Daga nan kome ya tambaya, sai ta ce "lafiya lau".

4/ Wata ɗaliba ta karɓe shi: "Sannu Inna, kun sha hanya. Kun karya kuwa?" Ta yi mata bayanin allurar kashe zafi da Hausa. Nan Goggo ta saki jiki, ta ce tana da hawan jini kuma maganinta ya ƙare. Da an cire haƙorin ba a sani ba fa?

5/ Kun gani? Wanda aka kunyata ba ya faɗin ciwonsa. Kuma gobe ba zai kawo ɗansa ba.

6/ A jiharmu wannan ba wasa ba ne. Akwai cutar da ake kira noma, mai cinye baki da kuncin yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6. Tun 1999 akwai asibitinta a Sakkwato, kuma a Disamba 2023 WHO ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

7/ Daga gyambon dasashi take farawa. In an kama ta da wuri, magani na tsayar da ita. Uwar da aka taɓa yi wa tsawa a asibiti, yaushe za ta kawo yaro don ɗan gyambo?

8/ Na san layi na da tsawo, ga jarrabawa, ga gajiya. Amma gaisuwa ba ta cin minti ɗaya.

9/ Ka gaishe ta, ka tambayi hanya, ka faɗi abin da za ka yi. Sannan ka ce, "Inna, a buɗe baki."