Battlefield 6 da Black Ops 7: a duba aljihu da intanet kafin a zaɓa

Makonni biyar ne kacal tsakanin fitowar manyan wasannin harbi biyu da masu sha'awar wasannin bidiyo suka yi dako a 2025. Kamfanin Electronic Arts ya saki Battlefield 6 ranar 10 ga Oktoban 2025, shi kuma Call of Duty: Black Ops 7 na kamfanin Activision ya biyo baya ranar 14 ga Nuwamba. Dukansu daga rukunin da 'yan wasa ke kira FPS suke, wato wasan da mutum ke kallon fagen daga ta idon mai riƙe da bindiga, salon da Doom ya ɗaukaka tun 1993. Musun wanda ya fi wani ya riga ya iso gidajen wasan bidiyo da fadodin matasa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma musu ne da ke ƙarewa da fitar da kuɗi masu nauyi.

Ta fuskar daɗin wasa zalla, Battlefield 6 ne ya zo da abin da ya fi ɗaukar hankali. Fagensa na da faɗi, mutum 64 ke fafatawa a lokaci guda, da tankokin yaƙi da jirage, kuma ginin da aka ɓuya a ciki na iya rushewa a kan mai ɓuyan. An dawo da rabon aiki gida huɗu: mai kai farmaki, injiniya mai lalata motoci ko gyara su, mai kawo harsasai da ceton waɗanda suka faɗi, da ɗan leƙen asiri mai harbi daga nesa. Wannan rabo na da amfani ga wanda hannunsa ba shi da sauri, domin yana iya taimaka wa rundunarsa ta yi nasara ko da bai harbe mutane da yawa ba. Gwajin da aka buɗe wa jama'a a watan Agustan 2025 ya tara mutum sama da dubu 500 lokaci guda a dandalin Steam kaɗai. Sai dai kamfanin na da tabo: Battlefield 2042 ya fito a 2021 cike da kurakurai, waɗanda suka biya kuɗi tun kafin fitowarsa suka yi ta cizon yatsa.

Call of Duty kuwa ƙarfinsa sauri ne. Filayensa ƙanana ne, galibi shida da shida, zagaye ɗaya ya ƙare cikin 'yan mintoci, abin da ya dace da gidan wasa inda ake biya bisa lokaci kuma wasu na jiran layi. Rauninsa shi ne gajiyar da ya fara jawowa. Black Ops 6 bai daɗe da cika shekara da fita ba sai ga na bakwai ya taho, kuma shigar da aka riƙa sayar wa 'yan wasa, har da ta mawaƙa da ta 'yan zanen barkwanci, ta sa fagen yaƙin ya koma kamar dandalin tashe. Ƙorafi ya yi yawa har Activision ya sanar a watan Agustan 2025 cewa akasarin waɗannan kayan ba za su bi 'yan wasa zuwa sabon wasan ba.

Duk wannan kwatanci ne na wanda yake zaune a Faris ko Landan. Ga mai gidan wasa a Maraɗi, tambayar farko ita ce ko na'urarsa za ta ɗauka. Battlefield 6 bai fita a PlayStation 4 ba sam, sai PlayStation 5, Xbox Series da kwamfuta mai ƙarfi. Black Ops 7 kuwa ya fita har a PlayStation 4 da Xbox One. Wanda jarinsa tsofaffin PlayStation 4 ne, an riga an yanke masa hukunci, komai yabon da za a yi wa rushewar gine-gine.

Sai farashi. Kowanne daga cikin wasannin ya fito ne a kan dalar Amurka 70, kimanin jika 40 na sefa a 2025, alhali albashi mafi ƙanƙanta da doka ta amince da shi a Nijar jika 42 ne. Wato ladan wata guda na ƙaramin ma'aikaci a kan wasa ɗaya, tun kafin a taɓa kuɗin intanet. Kuma kuɗin intanet ɗin ba kaɗan ba ne, domin Call of Duty ya yi ƙaurin suna wajen cin wurin da ya haura jiga 100, ga sabuntawa da ke zuwa a kai a kai, wadda idan ba a sauke ba wasan ba ya buɗuwa da abokan hamayya. Hanyar rangwamen da ake ta talla, wato Game Pass na Microsoft, wanda ya sayi Activision a 2023 kan kusan dala biliyan 69, ita ma ta yi tsada a 2025: ranar 1 ga Oktoban shekarar aka ɗaga babban rukuninta daga dala 20 zuwa 30 a wata. Masu PlayStation ma ba su cikin lissafinta.

Akwai kuma matsalar da kuɗi ba ya maganinta cikin sauƙi, wato jinkirin saƙo, abin da 'yan wasa ke kira ping. Duk harbin da aka yi sai ya je wata babbar kwamfuta ta kamfanin ta tabbatar da shi, kuma ɗan Afirka ta Yamma galibi da ta Turai ake haɗa shi. Wanda ke kusa da ita saƙonsa na zuwa ya dawo cikin kaso 20 ko 30 cikin dubu na daƙiƙa, na Nijar kuwa yakan haura 100. A wasan da rabin ƙiftawar ido ke raba mai rai da gawa, an harbe mutum tun bai ga abokin gaba ba. Nan ma Call of Duty ya fi cutuwa, saboda komai nasa a kan saurin hannu yake, yayin da a Battlefield mai tuƙa tanka ko mai ceton abokai ke iya jure ɗan jinkiri. Abin takaicin ke nan: wasan da ya fi yi wa raunin intanet afuwa shi ne wanda tsohuwar na'ura ba ta ɗauka.

Shi ya sa wasannin kyauta suka cancanci a saka su cikin wannan musu. Counter-Strike 2, da ya maye gurbin tsohon a Satumban 2023, ba a biyan komai kafin a shiga, biyar da biyar ake yi, kuma ba a sake sayar da shi duk shekara, don haka ƙwarewar da aka tara ba ta lalacewa. Call of Duty: Mobile, tun 2019, yana tafiya a wayoyin da ba su kai na alfarma ba. Ƙanensa Warzone Mobile, da ya nemi waya mai ƙarfi, an janye shi daga kasuwa a watan Mayun 2025, wata 14 bayan fitowarsa.

Ya kamata masu saye su kuma lura da inda kuɗin ke tafiya. Ranar 29 ga Satumban 2025 aka sanar da cewa asusun zuba jari na Saudiyya da kamfanonin Silver Lake da Affinity Partners za su sayi Electronic Arts kan dala biliyan 55, kuma kimanin biliyan 20 daga ciki bashi ne. Kamfanin da ya ɗauki irin wannan kaya zai nemi inda zai sauke shi, kuma wurin da ya fi kusa shi ne sayayyar cikin wasa. Wanda ya gudu daga Call of Duty saboda tallar kaya kada ya yi mamaki idan ya tarar da ita a gaba.

Hikima ga masu gidajen wasa da matasa ita ce kada a yi gaggawar biyan ko dala. A fara ji daga 'yan wasan Najeriya, Benin ko Burkina Faso yadda haɗuwar intanet take a wannan yanki, sannan a yanke shawara. Haka kuma waɗannan jerin wasanni biyu an saba yi masu tambarin shekara 16 ko 18 a tsarin PEGI na Turai, saboda zubar da jinin da ke cikinsu. A ƙasar da wasu yara suka taso suna jin ƙarar bindiga ta gaske, mai gidan wasan da ke karɓar kuɗin ɗan firamare yana da wasan ƙwallo da na tseren motoci da zai kunna masa.