Kafin Ku Ɗaure Kaya Zuwa Madina, Ku Zauna da Yaranku

Ya ku iyaye, ku da Allah ya buɗe wa ƙofar zama a birnin Manzo, ko don karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, ko aikin asibiti, ko koyarwa, ina taya ku murna har cikin zuciyata. Dangi sun zo barka, kowa na cewa a sa shi a addu'a in an shiga Rauda. An sayi akwatuna, an daka yaji, an ƙulla kuka da daddawa. To, wa ya zauna da yaran? Wa ya gaya wa 'yar shekara bakwai ɗin nan cewa za ta yi shekara uku ko huɗu ba ta kwana a ɗakin kakarta ba?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Ai Madina za su, albarkar wuri ta ishe su." Albarkar Madina gaskiya ce, ba mai musu. Amma ku tuna, sahabban da suka yi hijira zazzaɓi ya kwantar da su da isarsu garin. Sayyidina Abubakar ya kwanta, Bilal ya kwanta yana begen Makka. In waɗannan manya sun ji kewar gida, ina ga yaron da aka ɗauke daga tsakar gida mai cike da 'yan uwa, aka kai shi bene hawa na uku, ƙofa a rufe, uba ya fita tun asuba, uwa ba ta jin yaren maƙwabta?

Ku fara da labari, tun kuna gida. Yaron da aka kai gindin Uhudu bai san komai ba, dutse kawai zai gani, da rana, da masu sayar da dabino. Wanda kuwa aka ba shi labarin tun a tabarmar tsakar gida, da kansa zai ja hannun ubansa yana neman ƙaramin tudun da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da maharba hamsin a shekara ta 3 bayan hijira, ya ce kada su bar wurin. Zai san cewa saukowar mafi yawansu ce ta juya yaƙin, kuma Sayyidina Hamza na kwance a nan tare da shahidai kusan saba'in. Wannan yaro ya koyi darajar bin umarni ba da bulala ba. Ku ba su labarin Kuba, masallacin da aka fara ginawa. Ku ba su na Ƙiblataini, su san akwai lokacin da Musulmi ke fuskantar Baitul Muƙaddas kafin a juya su zuwa Ka'aba. Ku gaya musu cewa Imam Malik, wanda malaman zaurenmu ke karantar da Ahalari da Ishmawi da Risala a kan mazhabarsa, ɗan Madina ne, a nan ya karantar, a nan ya rasu a shekara ta 179, kabarinsa na Baƙi'a, jifa ɗaya daga masallaci. Yaro ya ji haka, zai gane garin da za a kai shi ba baƙon gari ba ne, tushen karatun unguwarsu ne.

Ku koya musu ladabin wurin kuma. Ba a ɗaga murya kusa da kabarin Manzo, ba a tsere tsakanin sahu, ba a ɗiban ƙasa ko tsakuwa da sunan tsaraba. Shiga Rauda yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk, don haka kada ku yi wa yaro alkawarin da ba a hannunku yake ba.

Sai harshe. Kada ku ruɗu da cewa yaronku ya yi Islamiyya. Larabcin littafi daban, na titin Hijaz daban. Ruwan da ya sani da "ma'u", a bakin maƙwabcinsa "moya" ne. Zai iya, yara ba su da wuyar kama harshe, amma watannin farko akwai kuka, kuma gara ya san da haka tun kafin ya shiga aji ya ga ana dariya bai san dalili ba.

Akwai maganar da iyaye ke jin nauyin faɗa, ni kuwa zan faɗa. Wata rana wani yaro zai kira ɗanku "takruni" da nufin raini saboda launin fatarsa. Kada ranar ta same shi ba shiri. Ku gaya masa mutanenmu sun daɗe a ƙasar nan: kakanni sun tako da ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur, wasu sun yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, suka ƙetare Bahar Maliya. Jikokinsu ne masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi a Saudiyya a yau. Sheikh Umar Fallata ya shafe shekaru masu yawa yana karantar da hadisi a cikin Masallacin Annabi, Larabawa na zaune a gabansa. Usama Hausawi ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar. Kuma ladanin farko a wannan gari baƙar fata ne. Yaron da ya san waɗannan ba zai sunkuyar da kai ba.

Batun takardu ba na wasa ba ne, don mun san halin da 'ya'yan takari ke ciki: an haife su a can, ba igama, wato takardar izinin zama, ba makaranta, ba asibiti, kullum cikin fargabar kamu. Haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Kowane yaro ya kasance da fasfo da igama masu rai, wanda aka haifa a can kuma a yi masa rajista da wuri a ofishin jakadancinmu na Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda. Mai zuwa aikin kamfani ya yi lissafi tun yanzu: daga Yulin 2017 ake biyan haraji kan kowane mutum da ke ƙarƙashin ma'aikaci baƙo, an fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mata da yara huɗu, riyal 2,000 ke nan duk wata, ban da haya da kuɗin makaranta.

A kammala rigakafi kafin tashi, musamman sanƙarau da shan inna da shawara, a tafi da katin. Zafin bazara a can yana wuce digiri 40. A aikin Hajjin 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu, akasari saboda zafi. Ku saba wa yara da shan ruwa ba sai sun ji ƙishi ba. Cunkoso kuma, a Ramadan da lokacin Hajji, yaro na ɓacewa cikin ƙiftawar ido. Ƙofofin masallacin suna da lamba. Ku sa ya haddace lambar ƙofar da kuka saba shiga da lambar wayar ubansa kamar yadda ya haddace Fatiha, ku sa masa takarda a aljihu, ku nuna masa irin kayan jami'an da zai nufa in bai gan ku ba.

Ku tafi da shirin dawowa, domin igama aro ce. Makarantun gwamnatin can da Larabci suke koyarwa, yaron kuwa wata rana WAEC da JAMB na jiransa da Turanci, don haka ku sa littattafan ajinsa cikin kaya ko da za a rage atamfa. A cikin gida kuma Hausa za a yi. Abin takaici ne yaro ya dawo da izu talatin a ka, ya tsaya ƙiƙam gaban kakarsa bai san yadda ake durƙusawa a gaida ta ba.

Ku kuma da za a bari a gida, kakanni da gwaggonni da kawunnai, da ku nake. Kada ku tsaya ga aika saƙon a kawo muku zamzam da ajwa. Ku kira yaran kowace Juma'a, ku ambaci sunan kowanne, ku tsokane su da wasan jika da kaka. Hajiya, ki ɗauki wayar nan ki yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da muryarki, ki aika musu su saurara kafin barci, ki tambaye su abin da suka gani a Uhudu.