Motar iyali: a auna ta da Litinin, ba da ranar Sallah ba

A Amurka akwai wani ɗaki mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a baya, iyali su ja shi zuwa hutu, su kwana a cikinsa. Kafin magidanci ya zaɓi girmansa, sai ya fara duba nauyin da motarsa za ta iya ja. Mu ba mu da irin wannan ɗaki, amma duk wanda ya tashi a Ɗanzomo ko wani ƙauye na masarautar Gumel ya san wannan ƙa'ida tun daga amalanke: ƙarfin shanu ke yanke yawan kaya. Abin mamaki, da zarar ɗan boko ya tara kuɗin motarsa ta farko, sai ilimin ya ɓace masa.

Ga matashin ma'aikaci a Dutse ko Kano, mace ɗaya, yara biyu. Idonsa na kan Sienna mai kujeru bakwai ko takwas, domin a zuciyarsa yana hango tafiyar Sallah: ga iyali, ga ƙanne, ga tsaraba, a dawo da buhunan gero da riɗi. Wannan tafiya sau biyu ce a shekara. Sauran kwanakin kuwa, makaranta ce da ofis da kasuwa, injin mai silinda shida yana jan kujerun da ba kowa a kansu. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ana iya kau da kai. Bayan cire tallafi, lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Bambancin shan mai tsakanin injin lita 3.5 da na Corolla mai lita 1.8 ya zama kuɗin makarantar yaro.

Sannan ga hanya. Kwalta za ta kai ka Gumel, ta wuce da kai Maigatari. Amma mai ratsewa ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa da rairayi zai gamu, kuma doguwar mota mai nauyi, wadda cikinta ke kusa da ƙasa, ta fi saurin kafewa, ta fi wuyar turawa. (Kujerar da ta rage kuwa, kowa ya sani, ba ta isa gida babu mai ita.)

Sai dai ƙaramar mota ma tana da nata haɗarin, kuma shi ya fi muni, domin rai yake taɓawa. A jikin ƙofar direba na motocin da aka shigo da su daga Amurka akwai takarda mai nuna iyakar nauyin mutane da kaya. Na Corolla bai cika kilo 400 ba. Miji da mata da yara biyu sun cinye kusan rabi. Buhu biyu na gero sun ƙarasa sauran. Duk abin da aka ƙara, birki da taya ne za su biya, a zafin bazara. Yaron da aka ɗora a cinya a kujerar gaba don a sama wa baƙo wuri, shi ne na farko da zai bugi gilashi.

Don haka ra'ayina shi ne a sayi motar da ta dace da mutanen da ke shigarta kowane mako, kowa da kujerarsa da bel ɗinsa, hatsi kuma a ba motocin haya. Ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ke ci, ba a rasa mai ɗauko buhu zuwa Kano, kuma kuɗin dakonsa na shekara guda bai kai man wata ɗaya na babbar mota ba. Wanda yaransa suka kai huɗu, ko yake kai mahaifiya asibiti a kai a kai, lissafinsa daban ne. A nan Sienna ta ci kuɗinta.