SHARHI: Rangwamen wankin ƙoda da batun matatar da jini ke ratsawa

A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Majinyacin da ake wankewa sau uku a mako zai biya naira 36,000 maimakon 150,000. Sauƙi ne na haƙiƙa, duk da cewa kuɗin wata guda ya kai ninki biyu na mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000.

Sai dai farashi ɓangare ɗaya ne na lamarin. Ɗaya ɓangaren yana cikin matatar da ake ɗaura wa na'urar wankin: kwalbar roba mai ɗauke da siraran bututu kimanin 10,000, waɗanda jini ke bi ta cikinsu na tsawon awa huɗu, yayin da datti ke ficewa ta tantanin bangonsu.

Jini ba ya maraba da baƙo. Da zarar ya taɓa wannan tantani, sinadaran furotin da ke cikinsa sukan manne a kai cikin daƙiƙoƙi. Idan furotin mai haddasa daskarewa ne ya samu wurin zama, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sai su biyo shi, bututun su toshe. Idan kuwa furotin na garkuwar jiki aka tsokana, jiki sai ya ɗauka cewa cuta ce ta shigo, ya tayar da kumburi. Saboda haka aikin masana ya karkata ga sauya sinadaran da ke fuskar tantanin, domin su zaɓi abin da zai manne da wanda zai wuce.

Tantanin farko, irin wanda Willem Kolff ya yi amfani da shi a Holand a 1943, na selulos ne da ake samu daga tsirrai. A 1977 bincike a Amurka ya nuna cewa selulos yana tayar da garkuwar jiki, har fararen ƙwayoyin jini su ragu sosai a farkon wanki. Aka koma rufe wuraren da ke jawo hakan da sinadarin asitet. A 1983 kamfanin Fresenius na Jamus ya fito da matatar robar folisalfon, wadda ake gauraya ta da wani sinadari mai son ruwa don furotin ya kasa kama ta. Danginta ne suka mamaye kasuwa a yau.

Gyaran kan zo da nasa haɗarin. Tantanin AN69 na Faransa ya shahara wajen zuƙe wasu gurɓatattun furotin, amma wajajen 1990 aka fara ganin majinyata masu shan magungunan hawan jini na rukunin kaftofiril suna fuskantar faɗuwar jini da sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan an fara wanke su. Cajin lantarkin da ke fuskar tantanin ne ke sa jini ya samar da wani sinadari mai buɗe jijiyoyi, maganin kuma ya hana jiki rusa shi. Sai da aka lulluɓe fuskar da wata roba mai rage cajin kafin matsalar ta lafa. Ita ma folisalfon akwai tsirarun majinyatan da jikinsu ba ya karɓar ta, kuma akan mayar da su kan matatar selulos mai asitet.

A nan ne batun ya shafi rangwamen gwamnati. Daga waje ake shigo da waɗannan matatu, da kuɗin waje, kuma duk cibiyar da aka ƙayyade wa farashi za ta ji matsin neman mafi araha. Araha ba laifi ba ce, muddin an san abin da aka saya. Ya kamata takardar kwangilar sayen kaya ta ambaci nau'in tantanin, kowace cibiya ta ajiye aƙalla nau'i biyu, sannan a rubuta a katin majinyaci matatar da aka yi masa amfani da ita da duk wata alamar da ya nuna. Idan babu wannan rubutu, majinyacin da aka tura daga wannan asibiti zuwa wancan zai iya sake haɗuwa da matatar da jikinsa ya riga ya ƙi.