Ba Kowace Shawara Ce Ake Jiƙa Wa Rawaya Ba



A nan Gummi, da idon mutum ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, a jiƙa mai rawaya. Ni ma na daɗe ina ba da ita. Amma akwai wadda ba na taɓawa: dattijo ya haura 50, ba zazzaɓi, fitsari kamar shayi, bayan gida fari-fari, ƙaiƙayi, yana ta rama, ga ciwon saman ciki mai ratsawa har baya.

Wannan kan iya zama sankarar pankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Ƙarin ne ke toshe hanyar ruwan matsarmama. Saiwa ba ta buɗe wanga toshi, haka habbatus-sauda. Mai maganin da ya ce zai warkar da ita, wallahi ya ji tsoron Allah.

Ku kai shi asibiti a yi hoton ciki. In an tura ku Asibitin Koyarwa na Ɗanfodiyo a Sakkwato, kar a tsaya jiran kuɗin kaka, don tiyata sai an gano da wuri take yiwuwa. In ya wuce nan, ku nemi maganin rage zafi wurin likita, a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.