FAGEN WASANNI: Kakar Da Samari Huɗu Ba Su Koma Gida Ba

A ƙasar Kanada akwai wani kofi da akan miƙa wa gwarzon ɗan wasa na shekara a gasar samari ta yammacin ƙasar, wadda ake kira Western Hockey League. Sunan kofin Four Broncos Memorial Trophy, watau kofin tunawa da 'yan ƙungiyar Broncos su huɗu. Samarin da ke karɓarsa a yanzu babu ko ɗaya a cikinsu da aka haifa sa'ad da abin da ya jawo wannan suna ya auku. Labarin ya samo asali ne daga kakar wasa ta 1986 zuwa 1987, kuma shi ne filin nan zai duba a wannan mako, domin kaka ce wadda mutanen Kanada suka shekara goma suna ba da labarinta ta fuska ɗaya, kafin kotu ta nuna musu ɗaya fuskar.

Da farko ya kamata mai karatu ya san irin wasan. Ƙwallon gora ce, amma a bisa ƙanƙara ake yinta. 'Yan wasa sukan sa takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, su riƙa sulɓi da gudun da mai ƙafa ba ya iya yi, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri da sandunansu. Kowane gefe mutum shida ne har da mai tsaron gida, kuma akan yi zubi uku na minti ashirin-ashirin. Wasa ne na bangaza da karo, haƙori ba ya daɗewa a bakin mai yinsa. A wurin mutumin Kanada kuwa babu wasan da ya kama ƙafarsa.

Kafin yaro ya kai ga babbar gasar ƙwararru ta NHL, inda kuɗi da suna suke, yawanci sai ya bi ta gasar samari, ta 'yan shekara 16 zuwa 20. A nan ne maganar take. Ƙungiya takan ɗauko yaro daga garinsu, wani lokaci tafiyar ɗaruruwan kilomita, ta ajiye shi a gidan wasu mutanen gari da suka yarda su riƙe shi, ya ci abincinsu, ya kwana a ɗakinsu, ya je makaranta da safe in har yana zuwa. Abin da ake ba shi bai wuce kuɗin kashewa ba. Wanda zai ce ya shiga wasa ko ya zauna a benci, wanda zai yabe shi ko ya kushe shi a gaban masu farautar 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi, wanda zai iya musayarsa da wani yaro a wayi gari ya koma wani gari, duk mai horarwa ne. Iyaye suna nesa. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, za a dawo kansa.

A waccan kaka ƙungiyoyi 14 ne a gasar, takwas a rukunin gabas, shida a na yamma, kowace da wasa 72. Ƙasar kuwa faɗi gare ta, saboda haka rabin rayuwar yaran a cikin motar safa take ƙarewa, cikin hunturun da ruwa kan daskare a kan kwalta. In ana maganar lissafi kaɗai, kakar ta Rob Brown ce na ƙungiyar Kamloops, wanda ya tara maki 212 tsakanin cin da ya yi da kansa da wanda ya miƙa aka ci, adadin da har yanzu ba a sami wanda ya kamo ba a gasar. Ƙungiyar Medicine Hat ce ta zama zakara, ta kuma wuce ta ɗauki Memorial Cup, babban kofin samari na ƙasa baki ɗaya, wanda aka kafa a 1919 don tunawa da sojojin Kanada da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko. Amma in aka ambaci kakar a yau, da wuya a fara da waɗannan.

Swift Current ɗan ƙaramin gari ne na manoma a lardin Saskatchewan, mutanensa wajen dubu goma sha shida. A nan aka kafa ƙungiyar Broncos a 1967, sai a 1974 aka ɗauke ta zuwa garin Lethbridge. Shekara goma sha biyu mutanen garin suna jin zafin abin, har suka haɗa kuɗi suka sayo ta, ta dawo gida a 1986 a matsayin mallakar jama'ar gari. Ashe kuwa murnar ba za ta kai sabuwar shekara ba.

Ran 30 ga Disamba, 1986, da rana, ƙungiyar ta hau motarta za ta birnin Regina wasa. Ba su yi nisa da gari ba, 'yan kilomitoci kaɗan, motar ta hau wata gada da ta haye hanyar jirgin ƙasa, ta taka ƙanƙarar nan siririya wadda ido ba ya rabe ta da kwalta. Sai ta ƙwace wa direba, ta bar hanya, ta daki tudu, ta tashi sama ta faɗi a gefe ɗaya. Samari huɗu suna can ƙarshen motar suna karta: Trent Kresse ɗan shekara 20, da Scott Kruger da Chris Mantyka 'yan shekara 19, da Brent Ruff ɗan shekara 16. Biyu motar ta jefar waje, biyu ta danne. Duk huɗun suka rasu. Sauran suka fito ta inda suka samu, wasu ta gilashin gaba da ya fashe, suka tsaya cikin sanyi suna kallon abokansu ba yadda za su yi. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Joe Sakic, da wani sa'ansa Sheldon Kennedy.

An yi taron makoki a ɗakin wasan garin, 'yan wasan sauran ƙungiyoyi suka zo. Bayan kwana goma kacal yaran suka koma fage. Wasansu na farko a garin Moose Jaw aka yi, inda 'yan kallo, waɗanda a al'ada abokan gaba ne, suka miƙe tsaye suna tafa musu. Aka ɗinka musu wata alama a kan riguna mai siffar ganye huɗu, ɗauke da lambobin mamatan: 8 da 9 da 11 da 22, aka kuma hana kowa sake sa waɗannan lambobi a ƙungiyar. Kresse da Kruger suna cikin manyan masu ci musu ƙwallo, saboda haka nauyin ya koma kan Sakic, shi kuwa ya ɗauka. Ya ƙare kakar da ci 60 da maki 133, a shekararsa ta farko. Ƙungiyar ta kutsa cikin wasannin kifa ɗaya ƙwala na ƙarshen kaka da ƙyar, Prince Albert ta fitar da ita a zagayen farko, amma babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin faɗuwa.

Sakic ya wuce NHL, ya ɗauki kofin Stanley sau biyu da ƙungiyar Colorado, a 1996 da 2001, ya kuma ci zinariya da Kanada a wasannin Olamfik na 2002. Waɗanda ya bari a Swift Current su ma ba su zauna ba. A kakar 1988 zuwa 1989 suka ci wasa 55 cikin 72, suka share wasannin ƙarshen kaka goma sha biyu ba a doke su ko sau ɗaya ba, sa'an nan a watan Mayu 1989 suka kara da Saskatoon a gidanta a wasan ƙarshe na Memorial Cup. Aka tashi uku da uku, aka shiga ƙarin lokaci. Darren Kruger, ƙanin marigayi Scott, ya bugo, Tim Tisdale, wanda yana cikin motar ranar haɗarin, ya karkata ta cikin raga. Mai tsaron gidan Broncos a wannan rana shi ma ƙanin Scott ne, Trevor. Ko mai tatsuniya aka ba aikin tsara labarin, da wuya ya yi ƙarfin halin ƙulla shi haka.

To, wannan ita ce fuskar da aka sani: yara sun ga mutuwa da idonsu, sun share hawaye, sun koma aiki, Allah ya saka musu. Jaridu suka yaba, aka kuma yaba wa mai horar da su, Graham James, wanda shi ne kuma manajan ƙungiyar, aka ce shi ne ya riƙe su a lokacin da komai ke neman watsewa.

A watan Janairu 1997 Graham James ya tsaya gaban kotu a birnin Calgary ya amsa laifin yin lalata da 'yan wasansa biyu, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, sau ɗaruruwa cikin shekaru. Aka ɗaure shi shekara uku da rabi. Doka ta ba waɗanda aka zalunta damar ɓoye sunansu, amma ɗaya daga cikinsu ya ce shi a faɗa. Sheldon Kennedy ne, wanda a lokacin yake wasa a NHL. James ya san shi tun yana ɗan shekara 14. Ke nan ranar da motar ta kife, da ranar da aka tafa musu a Moose Jaw, da ranar da suka ɗaga kofi a Saskatoon, duk yaron yana cikin wannan hali, kuma mai yi masa shi ne mutumin da ake nunawa a matsayin uban ƙungiya.

Daga nan aka fara tuna wasu abubuwa. 'Yan wasan da suka tsira sun bayyana daga baya cewa ba a kawo musu ko mutum ɗaya daga masu sanin halin ɗan Adam ya zauna da su ba, kuma mai horarwar ne bai yarda a kawo ba. A wancan zamani an ɗauki wannan a matsayin jarumtaka irin ta 'yan ƙwallon gora, waɗanda akan ɗinke wa fuska su koma fage. Bayan shari'ar sai da yawa suka ga wani dalili daban: mutumin da ke da irin wannan asiri ba zai so baƙo ya keɓe da yaransa yana tambayarsu abin da ke damunsu ba. Bob Wilkie, ɗaya daga cikin waɗanda ke motar, ya ba da labarin shekarun da ya yi yana fama da abin da ya gani, a wani littafi mai suna Sudden Death da ya fito a 2012, wanda ya sa hannu a rubuta shi. Kennedy kuwa giya da ƙwaya suka kusa gamawa da shi.

Jarumtakar yaran gaskiya ce, babu mai ƙwace musu ita. Abin tambaya na manya ne. Gari guda ya zuba kuɗinsa da zuciyarsa a kan ƙungiya, ƙungiyar tana cin wasa, saboda haka babu wanda ya ga dalilin tambayar abin da ya sa babban mutum yake kiran yaro gidansa shi kaɗai. Yaron kuma wa zai gaya wa? Gidan da yake zaune ƙungiya ce ta nema masa, gobensa kuma tana hannun wanda zai kai ƙara. Wanda ya ce yaran sun yi shiru don ƙarfin hali, bai tsaya ya duba ko an bar musu wata ƙofa ta magana ba.

Kuma abin bai tsaya kan mutum biyu ba. Theoren Fleury, wanda a kakar haɗarin yake wasa a Moose Jaw, wanda kuma ya yi kunnen doki da Sakic da maki 160 a kakar da ta biyo, ya bayyana a 2009 cewa shi ma James ya yi masa haka. Aka sake gurfanar da James, a 2012 aka ɗaure shi shekara biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su biyar a 2013. A tsakanin nan kuma, a 2010, aka gano cewa tun 2007 hukuma ta yi masa afuwa a kan laifin farko ba tare da jama'a sun sani ba, abin da ya tayar da ƙura har majalisar ƙasar ta tsaurara dokar afuwa. Hukumar wasan ta Kanada ta riga ta haramta masa horarwa har abada, ta kuma shigo da horo na musamman ga masu kula da yara game da cin zarafi. Kennedy ya ratsa Kanada a 1998 bisa takalma masu taya yana tara kuɗi da wayar da kai, daga baya ƙasar ta ba shi lambar girmamawa ta Order of Canada.

Ran 30 ga Disamba, 2016, shekara talatin cif bayan haɗarin, aka buɗe wani dutsen tunawa a gefen hanya inda motar ta kife, mai siffar ganyen nan huɗu. Ba a cika shekara ɗaya da rabi ba, ran 6 ga Afrilu, 2018, wata babbar motar kaya ta ƙi tsayawa a mararraba a cikin lardin nan na Saskatchewan, ta afka wa motar wata ƙungiyar samari ta garin Humboldt da ke kan hanyar zuwa wasa a Nipawin. Ita ma sunanta Broncos. Mutum 16 suka rasu, 13 suka ji rauni. A wannan karo an kai masu ba da shawara makarantu da garin tun kwanakin farko, kuma cikin waɗanda suka fara isa wurin waɗanda suka tsira da iyalansu akwai Sheldon Kennedy da wasu abokansa na motar 1986. Daga watan Satumba 2020 gwamnatin Kanada ta wajabta sa bel ɗin kujera a sababbin manyan motocin safa masu dogon zango.