Wayon Talabijin Ba Na Mai Saye Ba Ne

Duk wanda ya shiga rumfunan kayan lantarki a Illela ranar Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, zai ji kalma ɗaya tana yawo a bakin 'yan kasuwa: simat. Da ita ake tarbar ma'aikacin da ya karɓi albashi, da ita ake tarbar uban da ke haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki. Ana nuna masa allo mai faɗi, a ce wannan tana shiga intanet, tana da YouTube da Netflix, har magana tana ji. Idan ya waiwayi wadda ba ta da waɗannan abubuwa, sai a yi masa wani kallo, kamar ya tambayi fitilar aci-balbal. Da yawa sukan ƙara kuɗi don gudun wannan kallon, alhali ba su da buƙatar abin da suka biya. A gari irin Illela, wayon da ake sayarwa a cikin talabijin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba, kuma akwai dalilai masu ƙarfi na yin hattara da shi.

Talabijin mai wayo allo ne da aka liƙa wa ƙaramar kwamfuta a baya. Allon na iya yin shekara goma yana aiki. Kwamfutar kuwa ta fi yawancin wayoyin hannu rauni, musamman a talabijin masu araha, inda ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta ba su taka kara sun karya ba. Manhajojin da ke kanta suna ƙara nauyi kowace shekara, ita kuma tana nan yadda aka ƙera ta, har ranar da kamfanonin manhaja za su daina kula ta. A Disambar 2019 Netflix ya daina aiki a kan wasu talabijin na Samsung ƙirar 2010 da 2011, alhali allunansu lafiya lau suke. Wanda ya biya ƙarin kuɗi saboda wayo ya biya ne don sashen da zai riga sauran tsufa.

Kafin a kai ga tsufa ma, sai an fara ciyar da ita, kuma abincinta data ne. Bisa lissafin Netflix da kansa, kallon awa ɗaya yana cin kusan gigabait 1 a hoto na yau da kullum, ya kai gigabait 3 a hoto mai tsabta na HD, ya kai 7 a 4K. Gidan da ke kallo awa uku kowane dare a HD zai iya cinye gigabait 270 a wata. Ko da an rage tsabtar hoton, gigabait 90 ne. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Illela kuma, da ke sama da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, gari ne da gidaje ke samun intanet ta layin waya, da ƙarfinsa da rauninsa. Mai rumfa yakan faɗi kuɗin talabijin, ba ya faɗin kuɗin da za ta riƙa ci duk wata. Shi ya sa a gidaje da dama ake haɗa ta da wayar maigida a makon farko, a yi ta murna, data ta ƙare, a koma wa dikoda. Daga nan wayon ya zama ado.

Mutanen kan iyaka sun fi kowa sanin illar dogaro da makunnin da ke hannun wani. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe hanyar Ƙonni, har zuwa Maris na 2024. A Satumbar 2021 gwamnatin Sakkwato ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. A Oktoban 2024 lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki. Na'urar da amfaninta ya rataya a kan wuta da intanet a lokaci guda ta ɗora wa kanta sharuɗɗa biyu a ƙasar da ko ɗaya ba shi da tabbas. Kwanon tauraron ɗan'adam da ƙaramin batirin sola kuwa ba ruwansu da hasumiyar waya.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa kamfanoni suka dage sai kowace talabijin ta shiga intanet? Amsar tana cikin littafin cinikinsu. Ribar allo ta yi ƙanƙanta, ribar talla da bayanan masu kallo ita ce mai tsoka. Yawancin manyan talabijin masu wayo suna ɗauke da wata fasaha da ke ɗanɗana abin da ke kan allo lokaci-lokaci, ta gane shirin da ake kallo, ta aika wa kamfani. A Fabrairun 2017 kamfanin Vizio na Amurka ya amince ya biya dala miliyan 2.2, bayan hukumar kare masu saye ta ƙasar, FTC, ta zarge shi da tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. A 2024 Walmart ya sayi wannan kamfani a kan dala biliyan 2.3, kuma bai ɓoye cewa kasuwar tallan da ke cikinsa ce ta ja hankalinsa ba. A 2021, bayan wasoson da aka yi a Afirka ta Kudu, Samsung ya sanar da cewa yana iya kashe talabijin ɗin da aka sace daga ma'ajiyarsa daga nesa, da zarar an haɗa su da intanet. Hana ɓarawo cin moriyar sata abu ne mai kyau, amma labarin ya tona wata gaskiya: akwatin da ke falon mutum yana karɓar umarni daga wani wuri. Bahaushe da ya gina zaure da soro don kada baƙo ya leƙa cikin gida bai kamata ya saka ɗan leƙen asiri a tsakar ɗaki ba tare da ya san da shi ba.

Masu goyon bayan talabijin mai wayo suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Kallon Hausawa ya koma intanet. Finafinan Kannywood masu dogon zango irin su Izzar So a YouTube suka yi suna, haka nan karatuttukan malamai da tafsirin azumi suna can jibge. Wanda ya ce a yi watsi da wannan duka ya yi wa zamani gardama. Sai dai hujjar tana nuna buƙatar intanet ne, ba ta nuna cewa dole intanet ɗin ta zauna a cikin allon ba. Wayar da ke aljihun mai gida ta fi kwamfutar talabijin ƙarfi, ana kuma canza ta duk bayan 'yan shekaru. Ƙaramin akwatin Android ko sandar da ake sokawa a ramin HDMI yana yin duk aikin, idan ya tsufa a sauya shi da ɗan kuɗi, allon yana nan. Masu tura finafinai a kasuwa kuma sun daɗe da warware matsalar data: a sauke shiri sau ɗaya, a zuba wa mutum ɗari a filash ko memori. Tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara watsa shiri a 2014, da NTA, da Télé Sahel ta maƙwabta, duk ana kama su ba tare da an taɓa data ba.

Hujja ta biyu ita ce, manyan talabijin marasa wayo sun yi wuyar samu, kuma wani lokaci bambancin farashin ba shi da yawa. Wannan gaskiya ne. Idan allon da ya fi kyau a kuɗin da mutum ke da shi ya zo da wayo, to ya saya, amma ya ɗauki wayon a matsayin gyara da aka yi masa, kada ya zama dalilin ciniki. Ba dole ba ne ya haɗa ta da intanet. Idan ya haɗa, ya shiga saituna ya kashe sashen tattara bayanan kallo, ya kuma sa makullin yara, domin YouTube a falo ba ya tantance wanda ke riƙe da rimot.

Abin da ya cancanci kuɗin mai saye a Illela a fili yake. Na farko cin wuta. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace awa ta janareta tana da tsada, gidaje da yawa sun koma sola. Talabijin mai inci 32 takan ci wat 30 zuwa 50, mai inci 55 kuwa takan ninka haka ko fiye, wannan bambanci kuma shi ke yanke ko batiri zai kai ƙarshen wasan ƙwallo. A juya bayanta a karanta takardar da ke liƙe: wat nawa take ci, kuma ko tana jure wuta daga bolt 100 zuwa 240. Akwai masu aiki kai tsaye da batirin bolt 12, ba sai da inbata ba. Na biyu kariya: sitabilaiza ko na'urar tare wuta mai ƙarfi ta fi kowace manhaja amfani ranar da aka dawo da wuta da hauka. Na uku ramuka: HDMI aƙalla biyu, da USB da aka gwada da filash a gaban mai rumfa. Na huɗu gyara. Zafin bazara a wannan yanki yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ba ta barin kowace kafa, fitilun bayan allo da allon wuta su ne kan fara mutuwa. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai gyara a gari wace ƙira ce ake samun kayanta a Sakkwato ko Kano. A nemi rasit da takardar garanti, a kuma tabbatar garantin yana aiki a wannan ɓangaren iyaka, domin kayan da suka tsallako ta wata hanya sau da yawa ba su da mai tsaya musu. Shi kuwa 4K, a allo mai inci 43 da ake kallo daga ƙarshen falo, ido da kyar yake bambance shi da HD, tashoshin da ake kamawa ma ba da shi suke watsa shiri ba.

Uban amarya da ke tsaye a rumfa yana da zaɓi biyu da kuɗi ɗaya: babban allo mai wayo da zai burge 'yan ganin ɗaki na yini guda, ko matsakaicin allo mai ƙarko tare da faifan sola da batirin da zai kunna shi, ya kunna fanka, ya caja waya. Na farkon zai yi shiru duk daren da aka ɗauke wuta. Na biyun shi 'yarsa za ta riƙa kunnawa bayan baƙi sun watse.